Paavo Nurmi, Mai Gudu da Agogo a Hannu

Tun da aka shiga hunturun bana, 'yan'uwanmu da yawa a wannan kwaleji sun ɗauki al'adar fita gudu da asuba. Waɗansu su bi titin Bosso su nufi wajen Tudun Fulani, waɗansu kuwa su tsaya a filin ƙwallo suna ta kewayawa. Kusan kowa da wayarsa a hannu, tana ƙidaya masa kilomita nawa ya ci, cikin minti nawa. In an taru wajen karin kumallo ba ka jin kome sai gardamar wa ya fi wani nisa a wannan mako. Abu ne mai kyau, ban kuwa zo in kushe shi ba. Amma na lura kaɗan ne a cikinmu suka san mutumin da ya nuna wa duniya yadda a ke gudu da awo, tun ba a yi mafarkin wayar hannu ba. Shi ya sa da Malam Edita ya nemi labarin wani shahararren mutum na dā, na ce zan kawo na Paavo Nurmi. Ni dai a makarantar mishan na fara jin sunansa, ba ma a filin wasa ba, a darasin lissafi, gama malaminmu ya kan ba mu lokutan tserensa mu raba.

An haifi Paavo Nurmi ran 13 ga watan Yuni, shekara ta 1897, a Turku, wani gari na bakin teku a ƙasar Finlan. Ƙasar nan tana can ƙuryar arewacin Turai, tsakanin Suwidin da Rasha. A lokacin tana ƙarƙashin Sarkin Rasha, ba ta sami mulkin kanta ba sai a 1917. Ƙasa ce mai tsananin sanyi, ƙanƙara ta kan rufe ta wata da watanni, rana kuwa ta fito a makare ta faɗi da wuri. Ubansa kafinta ne, talaka. Uban ya rasu a 1910, yaron bai wuce shekara goma sha uku ba, ga shi kuwa shi ne babba a ɗakinsu. Ko da ya ke yana da ƙoƙari a aji, tilas ya bar makaranta ya zama ɗan aike a wani gidan burodi, yana tura amalanke mai nauyi yana hawan tudun garin da ita. Su kuwa mutanen gidan suka matsu a ɗaki ɗaya, suka ba da hayar ɗakin girkinsu don su sami na abinci.

Tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya ya yi gudun mita 1,500, watau mil guda ba kaɗan, cikin minti 5 da sakan 2. Wanda ya ke ganin wannan ƙaramin abu ne, sai ya gwada gobe da safe. Amma abin da ya sa masa gudu a rai sosai ya faru a 1912, sa'ad da wani ɗan ƙasarsu, Hannes Kolehmainen, ya tafi Wasannin Olimfik a Stockholm ya cinye tseren mita 5,000 da na mita 10,000 da na ratsa daji. Mutanen Finlan, da ba su da ko tutar kansu a wurin, suka ji duniya ta san da zamansu. Bayan 'yan kwanaki Paavo ya sayi takalman gudunsa na fari. A 1914 ya shiga ƙungiyar wasanni ta garinsu, ya kuwa ci tserensa na fari na mita 3,000.

Daga nan sai aka yi shekaru ba a ji wani abin kirki game da shi ba. Yana aiki a wata ma'aikatar injuna, yana ta tafiyar ƙafa da gudu cikin kurmi shi kaɗai. Sai da ya shiga soja a 1919 jama'a suka farga da shi. In an fita doguwar tafiya, sauran sojoji suna maci, shi kuwa sai ya yi ta da gudu, da bindiga a kafaɗa da jaka cike da rairayi a baya. Ya kan yi gudu da manyan takalman soja don ƙafarsa ta yi ƙarfi, har ya kan riƙe bayan jirgin ƙasa yana bin sa a guje don takunsa ya ƙara faɗi. Wannan na ƙarshe ina roƙon kada wani a cikinmu ya je tashar jirgi ta Minna ya ce zai gwada.

A 1920 aka tura shi Olimfik a Antwerp, ƙasar Beljiyam. Tserensa na fari na mita 5,000 ne. Ya ja gaba, amma wani Bafaranshe, Joseph Guillemot, ya maƙale masa a baya, da aka zo gab da ƙarshe ya wuce shi fyu. Nurmi ya zo na biyu. Bayan kwana uku ya rama a mita 10,000, ya kuma ci tseren ratsa daji, ya koma gida da lambar zinariya uku da ta azurfa ɗaya. Albarkacin wannan nasara aka sa wa gidansu lantarki da famfo, shi kuma aka ba shi taimakon karatu a makarantar koyon sana'a a Helsinki, babban birnin ƙasar.

Wani zai ce ai shi ke nan, sai murna. Shi kuwa zinariya ukun nan ba su dame shi kamar azurfa ɗayan nan ba. Ya zauna ya bincika yadda aka yi aka wuce shi. A lokacin an san shi da tashi da wuta a kewayen farko, kamar yadda yawancin masu tsere su ke yi. Sai ya gane cewa ƙarfin da ya ke zubarwa tun da fari shi ne ya ke rasawa a ƙarshe. Daga nan ya fara riƙe agogo a hannu, irin wanda a ke dannawa ya tashi, a danna ya tsaya. Da shi ya ke horo, da shi kuma ya ke shiga tsere.

To, a nan ne na ke so mu dakata, gama wannan shi ne gindin labarin. Mutane da yawa suna zaton agogon nan don ya ƙara masa sauri ne. A'a, babban aikinsa shi ne ya hana shi sauri a sa'ad da jiki ya ke ruɗin mutum. Kowa ya san yadda a ke ji a minti biyu na farko: ƙafa ba nauyi, ƙirji a buɗe, ga 'yan kallo suna ihu. In mutum ya biye wa wannan daɗi ya yi gudun da ya fi ƙarfin numfashinsa, jiki ya kan ci bashi ne, kuma bashin nan da ruwa a ke biyansa. Ƙafafu su yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi, numfashi ya sarƙe, sakan goma da aka ci riba a farko a biya su da talatin a ƙarshe. Abin da Nurmi ya ke yi shi ne, tun kafin a busa usur ya riga ya yanke lokacin da zai gama. Sai ya raba lokacin nan da yawan kewayen fili. Duk sa'ad da ya zo kan layi ya dubi hannunsa, in ya yi gaba ya sassauta, in ya yi baya ya ƙara kaɗan. Abokan tserensa suna kallon juna, shi yana kallon tafin hannunsa. Wanda ya wuce shi da wuri, ya kan tarad da shi can gaba yana haki. Wanda kuma ya ce zai bi shi sau da ƙafa, sai ya ga mutumin ba ya raguwa, har ya gaji ya sake shi.

Agogo kaɗai ba ya gudu, sai da jikin da zai cika alkawarin lissafin. A zamaninsa yawancin 'yan wasa su kan huta da hunturu, sai lokacin gasa ya matso su fara shiri. Nurmi ba ya hutun shekara. Da hunturu ya kan yi doguwar tafiyar ƙafa cikin ƙanƙara. In yanayi ya gyaru, da safe ya yi tafiya mai nisa da motsa gaɓoɓi, sa'an nan ya je fili ya yi gajerun gudu masu sauri da agogo, da yamma kuma ya shiga kurmi ya yi gudu mai ɗan tsawo, ya ƙarasa da sauri. Kowane abu a aune ya ke yinsa, yana ƙarawa kaɗan kaɗan daga shekara zuwa shekara.

Ba a daɗe ba amfanin ya fito. Akwai ƙungiyar duniya mai rubuta lokacin da ya fi kowane gajarta a kowane irin tsere, wanda ya yi ƙasa da shi an ce ya kafa tarihi. A 1921 a Stockholm Nurmi ya kafa nasa na fari, mita 10,000 cikin minti 30 da sakan 40.2. A 1922 ya karɓe na mita 5,000. A 1923 ya yi mil guda cikin minti 4 da sakan 10.4. Ya zama yana riƙe da tarihin mil da na mita 5,000 da na mita 10,000 a lokaci guda.

Shekarar da ta fi kowace a rayuwarsa ita ce 1924, Olimfik na Faris. Masu shirya wasannin sun sa ƙarshen tseren mita 1,500 da na mita 5,000 a yini ɗaya, kusa da juna. Maimakon ya yi ƙara, sai ya gwada abin a gida tukuna. Ran 19 ga Yuni a Helsinki ya yi su duka biyu cikin sa'a guda, na fari minti 3 da sakan 52.6, na biyu minti 14 da sakan 28.2, kowanne kuwa sabon tarihin duniya ne. Da ranar ta zo a Faris, 10 ga Yuli, ya ci mita 1,500 ba wahala, har ya sassauta a ƙarshe don ya yi tanadin ƙarfi. Ba a yi sa'a biyu ba aka kira na mita 5,000. Ɗan ƙasarsu Ville Ritola, da Edvin Wide mai gudu da sunan Suwidin, suka ɗauka ya gaji, suka tashi da gudu mai tsanani don su ƙarasa shi. Ya bi lissafinsa har ya kamo su. Da ya ga abin ya zama na shi da Ritola, ƙirji da ƙirji, sai ya jefar da agogon kan ciyawa ya fuskanci mutumin. Ya riga shi da kamar taku ɗaya. Wannan wuri ya fi kowane burge ni a labarinsa, domin ya nuna mutumin ya san inda aikin agogo ya ƙare.

Bayan kwana biyu aka yi tseren ratsa daji, fiye da kilomita goma, cikin zafin da ya haura digiri 40, irin wanda mu ke sha a Minna a watan Maris da Afrilu. Mutum 38 suka tashi, 15 kaɗai suka iso. Waɗansu sun faɗi a hanya, waɗansu suka shigo fili suna tangaɗi ba su san inda su ke ba, aka yi ta ɗaukarsu a kan makara ta asibiti. Nurmi ya riga Ritola da kusan minti ɗaya da rabi. Abin ya tsorata shugabanni har suka cire wannan tsere daga Olimfik. Kashegari ya sake fitowa ya ci tseren ƙungiya na mita 3,000. Ya bar Faris da zinariya biyar, amma da fushi, gama shugabannin ƙasarsu sun hana shi shiga mita 10,000 don su ba Ritola dama. Da ya koma gida, ran 31 ga Agusta a garin Kuopio, ya yi mita 10,000 ɗin cikin minti 30 da sakan 6.2. Wannan lokaci ya yi kusan shekara goma sha uku ba wanda ya taɓa shi.

A 1925 ya tafi Amurka, ya shiga tsere 55 cikin wata biyar, ya ci 51. Ya yi suna ƙwarai, amma a ganina wannan tafiya ta ci masa jiki, gama daga nan ciwon gaɓoɓi ya fara damunsa, saurinsa a gajerun tsere ya ragu. A 1926 wani Bajamushe, Otto Peltzer, ya ƙwace masa tarihin mita 1,500 a Balin. A Olimfik na Amsterdam a 1928 ya ci mita 10,000, amma ya zo na biyu a mita 5,000 da kuma tseren tsallake shinge da ramin ruwa. A zagayen share fage na wannan tsere ya faɗa ramin ruwan, wani Bafaranshe mai suna Lucien Duquesne ya tsaya ya ɗaga shi. Nurmi ya saka masa da jan sa a baya har suka wuce sauran, ya kuma so ya bar masa na ɗaya, Bafaranshen ya ƙi.

A watan Oktoba na shekaran nan a Balin ya yi abin da malaminmu ya fi son ba mu a allo. Ya yi gudu na sa'a guda cur, aka auna, mita 19,210. A raba da 400, watau kewayen fili ɗaya, a sami kewaye 48 da 'yan taku. A raba sakan 3,600 da 48, a sami 75. Watau sau arba'in da takwas yana kewaya fili, kowane kewaye wajen minti ɗaya da kwata. Sai a 1945 aka sami wanda ya wuce wannan nisa.

Yanzu bari in juyo gare mu. Ba wanda zai zama Nurmi a cikinmu, yawancinmu ma don lafiyar jiki mu ke gudu. Amma lissafin ɗaya ne. A ce mutum yana cin mil uku cikin minti 24. Wannan kusan kewaye 12 ne na fili mai mita 400, kowanne minti biyu. In ya riƙe minti biyun nan daga na fari har na ƙarshe, ya fi wanda ya yi na fari cikin minti ɗaya da rabi ya ƙarasa da tafiya riƙe da kwiɓi. In bayan 'yan makonni ya iya rage sakan biyar a kowane kewaye, ya rage minti guda ke nan a jimla, ba tare da ya wahal da kansa ba. Waya tana faɗa maka jimlar mako, amma jimla ba ta faɗin yadda aka raba ƙarfi a hanya, kuma gasar tara kilomita da mu ke yi ita ce mai kawo ciwon gwiwa da na ƙwauri. Nurmi kansa daga baya ya ga ya yawaita doguwar tafiya a hankali a shekarunsa na fari, bai ba gajeren gudu mai sauri haƙƙinsa da wuri ba.

Abin ya fi shafarmu ta wajen yaran da za a ba mu. Duk wanda ya je koyon koyarwa a makarantun firamare na kewayen Bosso ya ga ranar wasannin gidaje: a busa usur yara su tashi kamar an kora su, kafin a je rabi waɗansu sun zube a gefe, na ƙarshe ya koma gida da kunya ya ce shi ba ya iya gudu. Malami ba ya bukatar kayan tsada ya gyara wannan. Igiya mai mita goma ta isa a auna kewayen filin makaranta, agogon hannu ɗaya ya isa aji, littafin rubutu ɗaya ya isa a riƙa sa kwanan wata da nisa da lokacin kowane yaro. Yaron da kullum ya ke zuwa na ƙarshe, in ya ga a rubuce cewa ya fi kansa na watan jiya da sakan goma, ba zai gudu daga fili ba. Ga kuma darasin rabawa da ninkawa a ɓagas. Sai dai a yi da sanyin safiya, a ajiye ruwa kusa, a tuna da mutum 23 na Faris.

Hanyar nan tasa har yanzu ita a ke bi. A 2020 a birnin Valencia na ƙasar Sifen, Joshua Cheptegei na Yuganda ya yi mita 10,000 cikin minti 26 da sakan 11, kusan minti huɗu ƙasa da na Nurmi. An jera masa fitilu a gefen fili suna kunnuwa bi da bi daidai da saurin da a ke so, aikin da agogon nan ya ke yi a tafin hannu.

Ƙarshen gudunsa bai yi daɗi ba. Ya so ya rufe da gudun yada ƙanin wani a Olimfik na Los Angeles a 1932, kamar yadda Kolehmainen ya ci shi a 1920. A lokacin doka ta hana ɗan wasan Olimfik karɓar kuɗi saboda wasa. Aka zarge shi da karɓar fiye da kuɗin tafiya a waɗansu tsere a Jamus, ƙungiyar duniya ƙarƙashin Sigfrid Edström na Suwidin ta hana shi shiga, alhali ya riga ya isa Amurka. Mutanen Finlan suka ji haushi ƙwarai, har suka yi shekaru ba sa gasar shekara shekara da Suwidin. Ya ci gaba da gudu a gida har 1934. A Olimfik uku ya tara zinariya 9 da azurfa 3, ya kafa tarihin duniya sau 22, kuma ba a taɓa cin sa a mita 10,000 ba.

Ba zan ɓoye ba, mutum ne mai wuyar sha'ani. Ba ya yawan magana, ba ya son 'yan jarida, da wuya a ga haƙoransa. Aurensa bai wuce shekara uku ba. Bayan ya bar fili ya horad da 'yan gudun ƙasarsu, ya buɗe kantin tufafin maza a Helsinki a 1936, ya shiga sana'ar gine-gine, ɗan aiken gidan burodin nan ya zama ɗaya daga cikin attajiran ƙasar. A 1940, bayan Rasha ta auka wa Finlan da yaƙi, ya koma Amurka neman gudummawa domin mutanensa. Da ya tsufa, ciwon zuciya ya kama shi, ido ya raunana, ya kan yi maganar wasanni da ɗaci, yana ganin ilmi da fasaha sun fi su daraja nesa. Ina jin tausayinsa a nan, gama ya auna kowane kewaye na rayuwarsa amma da alama kaɗan ya ji daɗinsu.

Duk da haka ƙasarsa ba ta mance da shi ba. A 1952, da Olimfik ya zo Helsinki, aka ɓoye sunan wanda zai shigo da wutar buɗe wasanni. Sai ga wani dattijo mai sanƙo, ɗan shekara 55, ya shigo fili a guje da wutar a hannu. Jama'a suka gane takunsa, wuri ya ruɗe da sowa, 'yan wasan ƙasashe suka watse daga layinsu suka ruga gefen fili don su gan shi. Ya kunna wutar filin, Kolehmainen kuma, wanda ya sa shi sayen takalma shekara arba'in da suka wuce, ya kunna ta saman hasumiya. Tun 1957 a ke yin gasa da sunansa a Turku, mutum-mutuminsa na tagulla yana tsaye a gaban filin Olimfik na Helsinki, an kuma taɓa buga hotonsa a takardar kuɗin ƙasar.

Ya rasu a Helsinki ran 2 ga watan Oktoba, 1973, yana da shekara 76. Gwamnati ce ta yi jana'izarsa, Shugaban Ƙasa Urho Kekkonen, wanda shi ma tsohon ɗan wasa ne kuma abokinsa, ya halarta. Nurmi ya kan kaɗa gogen Turawa in yana shi kaɗai, kuma bisa ga wasiyyarsa aka kaɗa wani taken goge a wurin. Daga nan aka kai shi Turku aka binne shi a maƙabartar danginsa.